Ɓurɓushin Ƙarfe a Ƙwaƙwalwar Ɓera: Yadda Wani Ɗakin Bincike Ya Hango Kumburi Kafin Ya Fito a Hoton MRI

Asalin matsalar, kafin 2004

A farkon shekarun 2000, wani rukunin masu bincike a wata tsohuwar jami'a da ke kudancin Ingila ya tsinci kansa gaban wata matsala da ta daɗe tana ci wa likitocin ƙwaƙwalwa tuwo a ƙwarya. Rukunin ya haɗa likitocin zuciya da masana hoton ƙwaƙwalwa da masana aikin magunguna, daga baya kuma masana haɗa sinadarai suka shigo. Matsalar ita ce na'urar MRI, wadda ke ɗaukar hoton cikin jiki da ƙarfin maganaɗisu, duk da kyawun hotonta, a makare take ganin yawancin cututtukan ƙwaƙwalwa.

Dalilin wannan makara yana cikin halittar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin waɗannan jijiyoyi sun manne da juna ƙam, har suka zama shinge tsakanin jini da naman ƙwaƙwalwa, wanda ba ya barin yawancin abin da ke yawo cikin jini ya tsallaka. Tun daga 1988 ake yi wa marasa lafiya allurar wani sinadari mai ɗauke da gadoliniyam kafin a ɗauki hotonsu. Idan shingen na nan lafiya, sinadarin yakan tsaya cikin jijiya har ƙoda ta tace shi ta fitar. Idan kuwa shingen ya ɓalle a wani wuri, sai sinadarin ya yoyo cikin naman ƙwaƙwalwa, wurin ya yi haske a hoto. Wato gadoliniyam shaidar ɓallewar shinge yake bayarwa, ɓallewar shinge kuma sau da yawa takan zo ne bayan ɓarna ta riga ta yi nisa.

Amma an san cewa akwai abin da ke faruwa tun kafin wannan mataki. Idan kumburi zai fara a ƙwaƙwalwa, shimfiɗar cikin jijiya takan fitar da wasu furotin a fuskarta da ke kallon jini, su kuma fararen ƙwayoyin jini da ke wucewa sai su rage gudu, su yi ta mirginawa a jikin bango, su maƙale, sannan su kutsa ciki. Ɗaya daga cikin waɗannan furotin shi ne VCAM-1, wanda aka gano a 1989. A 1992 wasu masu bincike a Kalifoniya suka nuna cewa idan aka toshe furotin ɗin da ke jikin fararen ƙwayoyin jini wanda yake kama VCAM-1, ana hana shanyewar jiki a dabbobin da aka sa wa wata cuta mai kama da MS, wato cutar nan da garkuwar jiki ke cinye rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Daga wannan bincike ne aka samo maganin natalizumab, wanda Amurka ta amince da shi a 2004, aka janye shi a 2005 saboda wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa da ta kama wasu daga cikin masu karɓarsa, aka dawo da shi a 2006 bisa sharuɗɗa masu tsauri. Magani mai ƙarfi kuma mai haɗari irin wannan yana buƙatar likita ya san wanda jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwarsa suka tashi, wato suka fitar da waɗannan furotin, da wanda nasa ke kwance.

Tambayar da rukunin ya ɗora wa kansa ke nan: ko za a iya sa na'urar MRI ta ga furotin irin su VCAM-1 a ƙwaƙwalwar dabba mai rai, alhali shingen bai ɓalle ba?

Gwajin farko da gadoliniyam, 2004

Da abin da aka saba da shi aka fara. An ɗauki sinadarin gadoliniyam aka ɗaura masa wani abu mai kwaikwayon sukarin da fararen ƙwayoyin jini ke amfani da shi wajen kama wani furotin na bangon jijiya da ake kira E-selectin. Aka yi wa manyan ɓerayen gwaji allurar sinadarin tayar da kumburi a ɓari ɗaya na ƙwaƙwalwa, sannan aka zuba musu sabon haɗin ta jijiya. Sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna cewa ɓarin da aka tayar ya ɗan bambanta da ɗayan a hoto. Wannan ya tabbatar da cewa tunanin yana kan hanya, sai dai bambancin ƙarami ne.

Abin da ya jawo haka lissafi ne kawai. Na'urar MRI ruwan da ke cikin jiki take karantawa, sinadarin kuma ana gane shi ne ta yadda yake sauya halin ruwan da ke kusa da shi. Kafin gadoliniyam ya sauya ruwa har ido ya gani, sai ya taru da yawa a wuri ɗaya, furotin ɗin da ake nema a bangon jijiya kuwa yawansa bai kai wannan ma'auni ba, ratar takan kai ninki dubu ko fiye. Ko da kowane furotin ya kama gadoliniyam ɗaya, abin da ya taru ba zai isa ya cika hoto ba.

Ɓurɓushin nano da abin da ya sa aka yi dari-dari da shi

Hanya ta biyu da ke gaban rukunin ita ce ɓurɓushin ƙarfe. Ana yin sa ne da ƙarfen da ya haɗu da iskar oksijin, a lulluɓe shi da wani nau'in sukari kamar dekstiran domin kada ya dunƙule cikin jini. Yana da wani hali da ya sa ya dace da wannan aiki: idan ya shiga cikin ƙarfin maganaɗisun na'ura shi ma sai ya zama ɗan maganaɗisu, idan an fito da shi kuma halin ya gushe. Yayin da yake cikin na'ura yakan karkatar da ƙarfin maganaɗisun da ke kewaye da shi, ruwan da ke wurin ya rasa daidaito, saƙon da yake aikawa ya mutu da wuri, sai wurin ya fito baƙi a irin hoton da ake kira T2*. Gadoliniyam haske yake bayarwa, ƙarfe kuma duhu, amma duhun ƙarfe ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Da girma ake rarraba wannan ɓurɓushi. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Mafi ƙanƙanta, waɗanda ba su kai nanomita 50 ba, wani rukuni a Boston ne ya bayyana su a 1990, kuma su ne suka fi jan hankalin masu binciken ƙwaƙwalwa. A 1999 a Bordeaux ta Faransa an yi amfani da su a manyan ɓeraye masu cutar da ke kama da MS, a 2001 kuma a Basel ta Suwizalan an yi amfani da su a waɗanda aka toshe wa jijiyar ƙwaƙwalwa. Tunanin shi ne ƙwayoyin jinin da aikinsu haɗiye datti ne za su haɗiyi ƙarfen tun suna cikin jini, su shiga da shi wurin ciwo, sai a ga sawunsu a hoto bayan kwana ɗaya ko fiye.

Ga wanda yake neman alamar farko ta kumburi, wannan ɓurɓushi yana da cikas iri uku, kuma kowanne ƙanƙantarsa ce ta haifar da shi. Da yake hanta da saifa ba sa saurin tsince shi, yakan daɗe yana yawo cikin jini. A jikin mutum, irin wanda aka fi gwadawa a lokacin yakan ɗauki yini guda ko fiye kafin rabinsa ya bar jini, kuma muddin yana nan dukkan jijiyoyi za su yi duhu, masu ciwo da lafiyayyu, ba a rarrabe wanda ya manne da wanda ke wucewa. Sannan duk inda shingen ya ɗan buɗe, ɓurɓushin yakan sulale ciki da kansa ba tare da wata ƙwayar jini ta ɗauke shi ba, sai baƙin tabon ya zama mai fassara biyu ko uku. Daga baya an tabbatar da wannan fargaba: a Lyon a 2009 an nuna cewa duhun da ake gani a sa'o'in farko bayan toshewar jijiya a ƙananan ɓeraye ya samo asali ne daga ƙarfen da ya maƙale cikin jijiyoyi ko ya yoyo, a Cologne a 2011 da Berlin a 2013 kuma masu bincike sun kasa samun shaidar cewa ƙwayoyin jinin da ke shiga wurin ciwo suna ɗauke da ƙarfen da aka zuba. Cikas na uku shi ne ƙarfen da ke cikin ɗan ɓurɓushi guda bai taka kara ya karya ba, sai da yawa sun taru kafin a gan su.

Ba a ce ɓurɓushin nano ba shi da amfani ba. A Boston, a 2005 da 2006, an ɗaura masa wani guntun furotin mai kama VCAM-1 aka ga bangon manyan jijiyoyin ɓeraye masu kitse a jijiya. Sai dai a can ƙwayoyin bangon ne suke haɗiye shi su tara, kuma sai an jira kwana ɗaya zuwa biyu jini ya washe. Kumburin ƙwaƙwalwa a farkonsa abu ne da ke sauyawa cikin sa'o'i, wannan jira ya yi masa tsawo.

Sauya girma, 2004 zuwa 2007

A 2004 wasu masu bincike a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa da ke Bethesda a Amurka suka nuna cewa MRI na iya ganin ƙwayar ƙarfe guda ɗaya tak idan girmanta ya kai wajen maikiromita ɗaya, wato nanomita 1,000. Ba wai na'urar tana da kaifin ganin abu mai wannan ƙanƙanta ba ne. Karkatar da maganaɗisu da ƙwayar ke yi ce take bazuwa har kimanin ninki 50 na faɗinta, sai tabon ya fi mai shi girma ƙwarai. Lissafin ciki ma yana goyon bayan haka, domin idan aka kwatanta ƙwallo mai faɗin nanomita 1,000 da mai faɗin nanomita 30, cikin babban ya ninka na ƙaramin fiye da sau 30,000.

A lokacin, mafi yawan masu aikin ƙwaƙwalwa suna ganin ƙwaya mai wannan girma ba ta da wurin zama a aikinsu, tunda ba za ta taɓa tsallake shingen ba. Rukunin ya dubi abin ta wata fuska. VCAM-1 a fuskar bangon da ke kallon jini yake, don haka mai nemansa ba ya buƙatar shiga naman ƙwaƙwalwa ko kaɗan. Hasali ma rashin iya tsallakawar riba ce, domin ƙwayar ba za ta yoyo ta rikita hoto ba. Ga shi kuma hanta da saifa suna tsince manyan ƙwayoyi cikin 'yan mintoci, jini ya washe da wuri, duk baƙin tabon da ya saura ya zama na wadda ta manne.

Sai batun wane girma ya dace. A ɓangaren likitocin zuciya na rukunin an gwada ƙwayoyi masu faɗin maikiromita 4.5 a babbar jijiyar da ke fita daga zuciyar ɓeraye masu kitse a jijiya, aikin da sakamakonsa ya fito a farkon 2008. A can jini yana gudu da ƙarfi, kuma an ga cewa ƙwayar da aka ɗaura wa makamai biyu, wato furotin da take kama bango da su, ɗaya na VCAM-1 ɗaya na P-selectin, wani furotin ɗin na bangon jijiya, ta fi mai makami ɗaya mannewa sau 5 zuwa 7. Amma maikiromita 4.5 ya yi kusa da faɗin ƙananan jijiyoyin huhu da na ƙwaƙwalwa, ƙwayar jan jinin mutum kanta maikiromita 7 zuwa 8 ce kuma sai ta lanƙwashe take wucewa. A wancan aiki kai tsaye cikin zuciya aka zuba ƙwayoyin, kuma bayan an cire jijiyar aka ɗauki hotonta. Don aikin ƙwaƙwalwar dabba mai rai sai aka tsaya a kan maikiromita ɗaya.

Gwajin da ya yi nasara, 2007

Ƙwayoyin da aka yi amfani da su ba a ɗakin binciken aka ƙera su ba. Na kasuwa ne, waɗanda ake sayarwa da sunan Dynabeads, ƙwallayen roba da aka cusa wa ƙarfe a ciki, waɗanda asali a Norwe aka ƙirƙiro su domin jawo ƙwayoyin halitta da maganaɗisu a cikin kwalbar gwaji. Abin da rukunin ya yi shi ne lulluɓe kowace ƙwaya da furotin garkuwa, wato antibodi, mai gane VCAM-1 na ɓera shi kaɗai. Ƙwayar da aka yi wa haka takan bi jini ta wuce lafiyayyen bango ba ta tsaya ba, in ta iso inda bangon ya fitar da VCAM-1 kuma ta maƙale masa kamar yadda ƙarangiya ke kama gefen riga.

An tsara gwajin ta yadda kowane ɓera zai zama ma'aunin kansa. Akan sa masa maganin barci, a kafe kansa a wani ƙarfen riƙo, a huda ƙoƙon kai, a zura siririn bututun gilashi zuwa wani sashe mai zurfi a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, a ɗiga ɗan sinadarin tayar da kumburi mai suna interleukin-1 beta. Ɓarin dama ba a taɓa shi. Bayan sa'a 3, lokacin da bangon jijiyoyin hagu ya fara fitar da VCAM-1, sai a zuba ƙwayoyin ƙarfen ta jijiyar wutsiya, kimanin miligiram 4.5 na ƙarfe ga kowane kilogiram na nauyin dabbar. Daga nan a kwantar da ɓeran, yana shaƙar maganin barci ta hanci, cikin ramin na'ura mai ƙarfin tesla 7 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), wadda ta ninka ta yawancin asibitoci mai tesla 1.5 fiye da sau huɗu. Ƙwaƙwalwar ɓera ba ta kai rabin giram ba, don haka sai da aka ɗauki hoto mai ɗigogin da kowannensu bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, aikin da ke cin kusan sa'a guda, ana lura da numfashin dabbar da ɗumin jikinta har a gama.

Hoton da ya fito bai buƙaci dogon bayani ba. Ɓarin hagu ya cika da baƙaƙen ɗigogi, ɓarin dama kuwa kusan fes. Da aka haɗa yankan hoton a kwamfuta aka tayar da siffar ƙwaƙwalwar gaba ɗaya, sai ɗigogin suka jeru suka zana rassan jijiyoyin da suka tashi, tun daga manya har zuwa ƙanana. Da aka yi wa irin waɗannan ɓeraye allurar gadoliniyam kuma, babu inda ya yi haske, alamar cewa shingen yana nan daram.

Abin da ya ba wannan sakamako nauyi shi ne rukunonin kwatanci da aka jera masa. An yi wa wasu ɓeraye kumburin, aka zuba musu ƙwayoyin da aka lulluɓe da antibodin da ba ya gane komai a jikin ɓera, ƙwaƙwalwarsu ba ta yi tabo ba. An ɗiga wa wasu ruwan gishiri a maimakon sinadarin kumburi, aka zuba musu ƙwayoyin VCAM-1 na gaske, nan ma babu abin a zo a gani, wanda ya nuna ba hudar allura ce ta jawo tabon ba. Sannan aka ɗauki wasu masu kumburi, aka fara zuba musu antibodin VCAM-1 tsura domin ya riga ya cike gurabun, sannan aka biyo da ƙwayoyin ƙarfe, sai tabon ya ɓace. A ƙarshe aka yanka ƙwaƙwalwar aka duba a madubin hangen ƙananan halittu, aka ga ƙwayoyin a manne da bangon jijiya ta ciki, ba a cikin naman ƙwaƙwalwa ba. An kuma gwada ƙwaya mai makamai biyu irin wadda ta yi fice a babbar jijiyar zuciya, amma a nan ba ta ƙara komai a kan mai makami ɗaya ba.

Daga kumburin da aka ƙirƙira zuwa cututtuka, 2008 zuwa 2019

Kumburin da aka tayar da allura abu ne mai tsabta da sauƙin aunawa, cuta kuwa ba ta da wannan ladabi. Shi ya sa shekarun da suka biyo baya suka tafi wajen jarraba hanyar a kan cuta bayan cuta.

A 2008, tare da abokan aiki daga Jamus da Ostireliya, an juya ta zuwa zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. An sa wa ɓeraye wani nau'in ƙwayar cutar da ke kama ɓeraye, aka sauya makamin da ke jikin ƙarfen zuwa wanda ke gane ƙwayoyin daskarar da jini idan sun tashi. Hoton ya nuna waɗannan ƙwayoyi maƙale a jijiyoyin ƙwaƙwalwa a lokacin da hoton da aka saba ɗauka bai nuna komai ba. Duk wanda ya taɓa ganin yaro yana jijjiga ya sume a ɗakin yara na wani asibiti a Kano ko Maraɗi cikin damina ya san abin da wannan cuta take yi, Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya. Amma dole a faɗi iyakar abin: cutar ɓera ba ita ce ta yaro ba, domin a jikin mutum jajayen ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga su ne ke cunkushe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, abin da ba ya fitowa sosai a ɓera. Binciken da ya fi haska yadda yara ke mutuwa da ita, wanda aka yi a Blantyre ta Malawi aka buga a 2015, da hoton MRI na yau da kullum aka yi shi, ya kuma nuna cewa kumburar ƙwaƙwalwa mai tsanani, wato ƙaruwar girmanta cikin ƙoƙon kai, ce ke tafiya da mutuwar.

A 2009 masana sinadaran rukunin suka lulluɓe ɓurɓushin ƙarfe da irin sukarin da aka gwada da gadoliniyam shekaru biyar baya, wannan karon kuma alamar ta fito sarai kafin dabbobin su nuna ciwo. A 2010 an gwada ƙwayoyin VCAM-1 a ɓerayen da aka toshe wa jijiyar ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, aka ga yankin da jijiyoyi suka tashi ya zarce yankin da naman ya mutu. A 2011 an nuna su suna gano cuta mai kama da MS kafin ɓera ya fara jan ƙafa. Wani rukuni dabam a Caen ta Faransa ya ɗauki hanyar a 2012 da 2013 ya ƙara mata kaifi, wanda ya nuna cewa ba a hannu ɗaya kawai take aiki ba.

Sakamakon da ya fi ɗaukar hankali shi ne na 2012, a kan sankarar da ke bazuwa zuwa ƙwaƙwalwa. An zuba wa ɓeraye ƙwayoyin sankarar mama cikin zuciya domin jini ya kai su ƙwaƙwalwa. Bayan kwana 5 kacal, lokacin da kowane ƙullutu bai kai ƙwayoyin halitta 1,000 ba, ƙarfen ya riga ya manne a jijiyoyin da ke kewaye da shi, gadoliniyam kuwa bai nuna komai ba. A asibiti, ƙullutun da ake iya gani da gadoliniyam yakan ƙunshi ƙwayoyi miliyan 10 zuwa miliyan 100. Masu binciken sun yi la'akari da cewa hoton mutum ba zai kai na ɓera kaifi ba, suka ƙiyasta cewa duk da haka za a iya ganin ƙullutun da ya fi na yanzu ƙanƙanta sau 100 zuwa 1,000. Sun kuma duba naman ƙwaƙwalwar mutane masu wannan cuta, suka tarar da VCAM-1 a jijiyoyin da ke jikin ƙananan ƙullutai. A 2019 an maimaita aikin da ƙwayoyin sankarar huhu da ta fata, abin ya sake fitowa.

Cikas ɗin da nasarar ta zo da shi, zuwa 2017 da bayanta

Ƙwayar da ta yi duk wannan aiki ba za a iya zuba ta a jinin mutum ba. Robar da aka yi ta da ita ba ta narkewa a jiki, hanta da saifa za su tsince ta amma ba su da yadda za su yi da ita, sai ta zauna. Ɓurɓushin nano shi ke da wannan falala, domin jiki yakan narkar da shi ya mayar da ƙarfen cikin rumbunsa, har ma Amurka ta amince da wani irinsa mai suna ferumoxytol a 2009 a matsayin maganin ƙarancin jini ga masu ciwon ƙoda. Ga shi kuma antibodin da aka yi aiki da shi na VCAM-1 ɗin ɓera ne, na mutum sai an ƙera wani, a gyara shi yadda garkuwar jiki ba za ta yaƙe shi ba.

Masana sinadaran rukunin sun nemi haɗa falalar biyu a abu guda. Suka ɗauki ɓurɓushin nano mai rigar dekstiran, suka ɗaure shi da juna da gajerun igiyoyin furotin har ya zama dunƙule mai girman da ya kusa maikiromita. An zaɓi igiyoyin ne ta yadda sinadaran narkarwa da ke cikin ƙwayoyin haɗiye datti na hanta, waɗanda ake kira katepsin, za su iya yanke su. A cikin jini dunƙulen yakan yi halin babbar ƙwaya: ya bar jini da wuri, ya manne inda aka aike shi, ya yi tabo mai kauri. Idan hanta ta haɗiye shi kuma sai igiyoyin su tsinke ya koma ɓurɓushin nano da jiki ya san yadda zai sarrafa. An buga wannan a 2017, tare da shaidar cewa yana gano kumburi a ƙwaƙwalwar ɓera. A 2022 rukunin Caen ya fito da nasa dunƙulen mai narkewa ta wata hanyar haɗi dabam. Har yanzu babu ɗaya daga cikinsu da ya shiga aikin asibiti na yau da kullum.

Hukunci

Idan aka auna aikin da tambayar da aka fara da ita, an amsa ta. MRI na iya ganin VCAM-1 a ƙwaƙwalwar dabba mai rai kafin shinge ya ɓalle, an nuna haka a cututtuka da dama, kuma wasu hannaye sun maimaita. A ganina abin da ya kawo nasarar shi ne rukunin ya fara tantance inda abin nemansa yake zaune, sannan ya zaɓi girman ƙwaya daidai da wurin. Gadoliniyam ya gaza saboda rauninsa, ɓurɓushin nano kuma bai dace da wannan aiki ba saboda daɗewarsa a jini da yoyonsa. Ina kuma ganin gwajin da aka fara cike gurabun VCAM-1 da antibodi tsura ya fi kowane hoto daraja a aikin 2007, domin a hoton T2* abubuwa da yawa suna yin baƙi: jijiyar da jininta ya rasa oksijin, ɗan zubar jini da ya bar ƙarfe a nama, har da iskar da ke cikin ramin kunne. Wanda bai kawar da waɗannan ba bai isa ya ce tabon da ya gani na ƙwayarsa ne ba, kuma wannan rauni ne ya dabaibaye fassarar wasu ayyukan farko da aka yi da ɓurɓushin nano a shanyewar ɓarin jiki.

Akwai iyakoki da bai kamata a rufe su ba. VCAM-1 yana cewa jijiya ta tashi, amma ba ya faɗin abin da ya tashe ta, sankara ce ko MS ko wata cuta mai yawo a jini, don haka likita zai ci gaba da buƙatar tarihin mara lafiya da sauran gwaje-gwaje. Hanyar kuma ba ta ganin komai sai abin da ke fuskar bangon jijiya, duk abin da ke can cikin naman ƙwaƙwalwa ya fi ƙarfinta. Sannan ƙiyasin 2012 game da mutum ƙiyasi ne, ba a auna shi a kan mara lafiya ba, kuma na'urorin asibiti masu tesla 1.5 ko 3 suna ɗaukar hoto da ɗigogin da suka ninka na ɓera girma sosai.

Tarihin kasuwa ma bai ba da ƙwarin gwiwa ba. Kamfanin da ke neman izinin sayar da Sinerem, wani ɓurɓushin nano na ɗaukar hoto, a Turai ya janye takardarsa a 2007, an daina yin Feridex, wani ɓurɓushin ƙarfen ɗaukar hoto, jim kaɗan bayan haka, a 2015 kuma Amurka ta ɗora wa ferumoxytol gargaɗi mafi tsanani saboda mummunan borin jini da yakan tayar wa wasu. Sabon dunƙule mai ɗauke da antibodi zai bi ta matakan tantancewa biyu, na ƙarfen da na furotin, kuma sai an tabbatar ana iya ƙera shi da girma ɗaya a kowane zubi. Duk da haka ina ganin ya cancanci a kai shi gwajin mutane, kuma masu sankarar mama da ta huhu, waɗanda aka san cutarsu tana yawan haurawa ƙwaƙwalwa, su ne suka fi dacewa a fara da su, domin a wurinsu ne ganin ƙullutu tun yana ƙarami zai iya sauya irin maganin da za a ba su.